Kwanukan Inna a Bangon Badi'a

Sabuwa ta taka kujera, ta miƙa hannu saman sif, ta ja kwalin farko da irin ƙarfin da ta san yana ci. Sai kwali ya taho mata shafal, kamar iska aka ɗura a ciki. Saura ƙiris ta tafi da baya, ita da kujerar. Ta dafe bango ta tsaya, ta ja na biyu, ta ja na uku. Duk haka suke. Babu komai a ciki sai tsofaffin zannuwan da take naɗe kwanuka da su, an ninke su tsaf an mayar.

Ba ta yi ihu ba. Sabuwa ba mai ihu ba ce. Idan abu ya buge ta shiru take yi, kuma mutanen gidanta sun fi tsoron shirun nan nata a kan faɗanta. Ta sauko ta zauna a bakin gado da kwali a cinya, tana leƙa cikinsa kamar kwanukan za su ji kunya su dawo.

Kwanukan jere ne, na mahaifiyarta Inna, wadda ta rasu a Gumel. Akwai samiru masu furanni ja da kore, akwai langa, akwai fanteka, kowanne da murfinsa. Da wasunsu aka yi wa Inna jere, sauran kuma ita ta tara su ɗaya bayan ɗaya da sana'ar ƙuli-ƙuli, ta yi wa Sabuwa nata. Da mijinta Malam Isiyaku ya sami aikin tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya yarda ya ɗauko iyali, Sabuwa ta biyo shi Riyad ta bar kwanukan a gida, amma hankalinta yana kansu. Duk ɗalibin da zai dawo daga hutu, duk direban da ya je ganin gida, sai ta laƙa masa biyu ko uku ya taho mata da su. Mutane har tsokanarta suke yi, wai kowa yana aika kaya Najeriya ita tana kwaso tsofaffin kwanuka zuwa Saudiyya. Ba ta taɓa kula su ba. 'Ya mace guda Allah ya ba ta, autarta Raliya, kuma ta ƙudura a ranta cewa ko a ƙasar wa aka yi auren yarinyar nan, za a yi mata jere irin na 'yar da take da uwa.

Yau ce ranar jeren. Biki sai mako mai zuwa. Da a gida ne, ko ƙofar ɗakin amarya Sabuwa ba za ta leƙa ba, gwaggwanni da ƙannen uwa ne za su ɗaura ɗamara su tafi. To a Riyad wa take da shi? Ita ce uwar, ita ce gwaggon. Sai maƙwabciyarta Rahina, 'yar Maraɗi, da ta ce za ta raka ta.

Ta fito falo da kwalin a hannu. Malam Isiyaku yana zaune yana shan shayi, ranar hutunsa ce.

"Malam, ina kwanukana?"

Ya dubi kwalin, ya dube ta, ya ajiye kofi a hankali. "Au, ba ta gaya miki ba? Raliya ce ta ce in kai mata su can unguwar Badi'a, gidan da za ta tare. Wai za ta rage miki wahalar ɗauka."

"Ta je gidan ke nan?"

"Ai makulli yana hannunta tun ranar da angon, Uwais, ya kama musu hayar gidan a bene. Kullum idan ta tashi daga aiki can take biyawa."

Sabuwa ta tsaya tana kallon mijinta. Shekara da shekaru suna tare, amma har yau akwai ranakun da take mamakin yadda namiji zai ɗauki abu mai nauyi haka ya saka a bayan mota bai ji nauyinsa ba. Amarya tana sintiri a ɗakinta tun kafin a kai ta, kuma ubanta ne direba. Ta ce ya tashi ya tayar da mota.

A hanya Rahina ce kaɗai ke magana. Ta rungumo labulaye masu nauyi ruwan zuma, ga kafet a naɗe a bayan mota, ga kaskon turaren wuta a cinyarta. Tana ta ba Sabuwa baki. "Yaya Sabuwa, kada ki sa wa ranki damuwa. Yaran nan da aka haifa a nan ba su san kan abin ba. Iyaka dai ta jibge su a lungu, mu je mu jera abinmu." Sabuwa ta gyaɗa kai. Ita ma abin da take ta gaya wa zuciyarta ke nan tun da suka baro unguwarsu, Dira.

Raliya a Riyad aka haife ta, a nan ta yi karatun adon gida, a wani shagon kayan ɗaki take aiki. Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausa kuwa sai ta tsaya ta lalubo. Ita ce ta buɗe musu ƙofa, da tsohuwar riga a jikinta, yatsunta duk shuɗin fenti.

"Yumma, kun zo da wuri," ta ce wa uwarta, tana murmushi har kunne. "Ahlan, Anti Rahina. Ku shigo."

Suka shiga, suka tsaya cak a bakin falo.

Bango fari fat kamar an shafe shi da farar ƙasa, daga gindinsa an zagaye shi da shuɗi ruwan bula. Ƙasa babu kafet, sai tabarmin kaba. Babu kujerun nan masu laushi da mutum ke nutsewa a ciki, sai wasu dogayen gadaje na katako da aka saƙa da igiya, irin waɗanda tsofaffi ke kwana a kai a ƙauye. Taga babu labule, an rufe ta da katako mai huda-huda. A kusurwa ga tulu, tulun ƙasa, a garin da kowa ke da firji. Abin da ya fi ɗaure wa Sabuwa kai shi ne ragar kamun kifi da aka baza a bango guda, har da ƙulle-ƙullenta.

Rahina ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya. "Ba a kawo kayan ba tukuna, ko?"

"Su ne kayan, Anti," in ji Raliya.

Ta shiga yi musu bayani, rabi Hausa rabi Larabci, hannuwanta suna yawo a iska. Wannan adon mutanen bakin teku ne, can wajen Jizan. Zafinsu mai gumi ne, don haka ba sa shimfiɗa kafet, danshi zai ruɓar da shi. Ba sa toshe taga da labule, suna barin iska ta ratsa. Gadon igiya yana shan iska ta ƙasa. Fari yana korar zafi, shuɗi kuma yana kwantar da ido.

Sabuwa ta saurare ta har ta kai aya, sannan ta ce, "Wane tekun ne a Riyad?"

Tambaya ce mai kyau. Garin da hancin mutum ke tsagewa don bushewa, garin da idan ka buɗe wa iska taga sai ta shigo maka kamar daga bakin murhu. Ga na'urar sanyaya ɗaki can sama tana ta gurnani, ita ce tekun, ita ce iskar.

Raliya ta yi dariya. "Saboda Khala Zaituna ne, Yumma. Maman Uwais. Kin san 'yar can ce. Tun da mijinta ya rasu aka dawo da ita Riyad, kullum maganarta gidansu na bakin ruwa. Za ta riƙa zama da mu. Ina so idan ta shigo ta ji kamar ta koma gida."

Wannan dai ba abin faɗa ba ne. Yarinyar da ta tuna da surukarta tun kafin a ɗaura aure ba a ce mata ba ta da tarbiyya. Sabuwa ta haɗiye ragar kifi, ta haɗiye tulu, ta haɗiye gadon igiya, ko da yake ta riga ta ji abin da matan Hausawan Riyad za su faɗa idan sun zo ganin ɗaki: Isiyaku ya aurar da 'ya a kan tabarma. Za ta iya da wannan. Kwanukan Inna idan suka hau kabad suka jeru, murfi a kan kowanne, manya a ƙasa ƙanana a sama, za su rufe bakin kowa.

"Ina kwanukan?"

Idon Raliya ya ƙara haske. "Su ne babban abin. Na so in gama kafin ki gani. Zo, Yumma."

Ta kama hannun uwarta ta ja ta zuwa ɗakin ciki, ta tura ƙofa.

Gaskiya guda, wadda Sabuwa ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba, ita ce abin ya yi kyau. Kafin hankalinta ya gane abin da take gani, idonta ya riga ya ce ya yi kyau, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo daga baya. Kwanukan Inna ne a jikin bango, tun daga daidai ƙugu har rufi, sahu-sahu, sun zagaye ɗakin. Furanninsu ja da kore suna ƙyalli a kan farin bango. Murafan suna nasu ɓangaren, an jera su kamar faifai.

Sai tambaya ta zo mata: me ya riƙe su?

Ta matsa kusa da wata samira da ta sani sarai, mai ɗan tabo a gefe tun zamanin Inna. Ta kai yatsa. Ƙusa ce ta fito ta cikin kwanon. An huda shi. A kewayen hudar fentin ya ɓare, baƙin ƙarfe ya bayyana. Ta duba na kusa da shi, an huda. Na sama, an huda. Ƙanana a kusa da baki aka huda su, manya kuwa a tsakiyar gindi, inda miya take taruwa. Murafan ma ba su tsira ba. A ƙasa kusa da ƙafarta ga injin huda a kwance, da garin fenti fari-fari a warwatse kamar an zubar da gishiri.

Rahina ta ajiye kaskon turare a ƙasa. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta faɗa a hankali, kamar wadda ta shigo gidan rasuwa.

Sabuwa ta zauna a kan tabarma, ba don ta yi niyya ba. Kunnuwanta suna wani irin shuu.

"Haka suke yi a can," in ji Raliya, amma muryarta ta fara raguwa, don ta ga fuskar uwarta. "A bukkokinsu. Suna rataye faranti a bango har sama. Na ga hotuna, Khala ma ta ba ni labari. Sai na tuna muna da namu a kwali. Na ce ga naki ga nata a ɗaki guda."

"Kin huda su."

"Ai ba a cin abinci a ciki, Yumma. Tun ina ƙarama suna rufe. Ko sau ɗaya ban ga an zuba tuwo a cikinsu ba."

Ta ina za a fara? Kwanon jere ba a ci a cikinsa, gaskiya ne, amma dole ya kasance kwanon da za a iya ci. Shi ne abin da mace take da shi wanda ba na miji ba. Ranar da 'yar'uwa ta haihu, daga cikinsu ake sauko da guda a cika shi a kai. Ranar da aka yi baƙon da ya isa, su ake wankewa. Ranar da za ki aurar da taki 'yar, ki sauke su cif, kowanne da murfinsa, ki miƙa. Yanzu ko ruwan alwala ba za su riƙe ba. Duk wannan yana cikin Sabuwa, amma da Hausa yake, Hausar Gumel mai zurfi, kuma ta san kafin ta kai rabi yarinyar za ta ɓace a hanya.

Abin da ta iya tambaya shi ne, "Wa ya taya ki?"

Raliya ta ɗan ɗago kai, ta ɗauka an zo wajen da za a yaba mata. "Ni kaɗai. Ban bar kowa ya taɓa ba. Ni na auna, ni na huda, ni na rataye."

Wannan ya fi hudar zafi. A duk rayuwar Sabuwa yarinya guda ta sani da ta yi wa kanta jere, wata marainiya a bayan layinsu, wadda uwarta ta rasu dangi kuma suka watse. Har yarinyar ta haihu ta aurar, idan mata suka tuna sai su girgiza kai su ce Allah sarki, ba ta da kowa. Ga Sabuwa da ranta da lafiyarta, ta yi shekaru tana jigilar kwanuka daga wata ƙasa, 'yarta ta tsaya ita kaɗai a kan tsani ta yi jeren marayu. Baƙin ciki ya tokare mata ƙirji, har da kunya a ciki.

"Yumma, ki yi magana," in ji Raliya. Ta durƙusa a gabanta, hawaye ya cika mata ido. "Ban sani ba. Kullum cewa kike kada in taɓa, ba ki ce mini don me ba."

Kafin Sabuwa ta amsa aka danna ƙararrawar ƙofa. Raliya ta zabura, ta dafe baki. Ta manta ta ce wa Uwais ya kawo mahaifiyarsa ta ga ɗakin. Rahina ta dubi Sabuwa, Sabuwa ta dubi ƙasa. Surukar ma an gayyato ta ɗakin amarya kafin biki. A yau dai babu abin da ya rage a mazauninsa.

Uwais ya tsaya ƙasa wajen Malam Isiyaku. Zaituna ta shigo ita kaɗai, tsohuwa ce 'yar siririya, tana dogara sanda. Kakanninta Hausawa ne da suka taho aikin hajji a ƙasa suka zauna a bakin Bahar Maliya, Hausar da ta rage a bakinta 'yar kaɗan ce. Sabuwa ta miƙe ta gyara mayafi, suka gaisa da ɗan Larabcin da ta tsinta a kasuwar Dira. Tsohuwa ta ratsa falo tana taɓa gadon igiya, tana murmushi. Da ta kai ƙofar ɗakin ciki sai ta tsaya.

Ta daɗe a tsaye. Sandar ta zame ta faɗi, ba ta ko waiwaye ta ba. Ta ɗaga kai tana bin kwanukan da ido har rufi, hawaye yana bin tamojin fuskarta. Ta fara magana a hankali, Raliya tana fassarawa. Wai ɗakin mahaifiyarta ke nan. Wai idan iskar teku ta taso da la'asar, farantan sukan riƙa taɓa juna suna ƙara. Wai ta fid da rai za ta sake ganin irinsa kafin ta mutu.

Sai ta juyo ta kama hannuwan Sabuwa biyu ta riƙe gam. Wannan karon da Hausarta ta yi ƙoƙari, don girmamawa.

"Uwata ta rataye mini nawa, da hannunta. Ke kin yi ma ɗiyarki. Hannunki ne wannan, ko?"

Sabuwa ta ga bakin Raliya ya motsa. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba, za ta ce a'a Khala, ni na yi, ni kaɗai, kuma shi ke nan maganar ta fita, ta shiga dangin miji ta zauna har abada. Ita kuma Sabuwa ba za ta dubi tsohuwar da ke riƙe da hannunta tana kuka ta shirga mata ƙarya ba.

Idonta ya sauka a bayan ƙofa. Akwai kwano guda a ƙasa da ba a kai gare shi ba, babbar fanteka, ta jeren Inna na fari, da murfinta a kai, lafiya lau. Can saman bango ga gurbinta, an riga an kafa ƙusa.

"Saura guda," ta ce.

Ta zare hannuwanta a hankali, ta je ta ɗauko fantekar. Nauyinta yana nan yadda ta san shi. Ta ɗaga murfin ta ajiye a gefe, ta kife kwanon a kan tabarma, ta durƙusa, ta jawo injin.

Raliya ta faɗo kusa da ita tana raɗa. "Yumma, la, a'a. Bar wannan. Ki tafi da shi gida, shi kaɗai ya rage. Don Allah."

"Yaya Sabuwa," in ji Rahina, ta riƙo mata kafaɗa.

"Nuna mini inda ake dannawa."

Raliya ta kalli uwarta, ta ga ba wasa a fuskar. Ta ɗora yatsan uwar a kan maɓallin, ta janye nata hannun.

Injin ya yi ƙara, ya zame, ya ja wani dogon tabo a gindin kwanon. Sabuwa ta ce bismillahi, ta sake saita shi, ta danna da dukan nauyinta. Ƙarar ta bi ta hannunta ta hau har haƙoranta. Fenti ya yi ta fallatsa. Kwanon Inna ya yi gardama, ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba. Sannan ya saki, bakin injin ya faɗa ciki.

Ta miƙe da kwanon, ta taka tsani da kanta, ba ta yarda kowa ya karɓa ba. Ta laluba ƙusar ta rataye shi. Ya ɗan karkace. Raliya ta miƙa hannu za ta gyara, Sabuwa ta ce ta bar shi haka.

Ta sauko ta tsaya a gaban Zaituna. "Da hannuna a ciki," ta ce.

Tsohuwa ta rungume ta tana sa albarka da Larabci. Ta saman kafaɗarta Sabuwa ta hango Rahina tsaye da labulayen da ba za a rataye ba, baki buɗe.

"Rahina, an gama jere. Ba za ki yi guɗa ba?"

Rahina ta kama hanci ta ɗaga kai. Guɗar ta fito, ta karye a tsakiya, ta sake ɗaukowa. Sabuwa ta tura hannunta na dama cikin mayafi ta damƙe shi da na hagu, don har yanzu ƙarar injin tana cikinsa.